Yadda Muka Ari Tebura Muka Rasa Aji

Yau da safe an kira ni ƙofar maigari kan laifin da ban taɓa jin an tuhumi wani da shi ba a duk ƙasar Kurfai: awakina sun ci makaranta. Ba duka suka ci ba, gaskiya ɗaya ce. Bangon gabas na aji uku ne da ƙofar aji shida. Iskar hadarin farko ta kwantar da rumfunan jiya da la'asar, zana da karan gero suka zube, akuya kuwa ba ta san kayan gwamnati ba.

Maigari ya ce, "To, mai rubutu, mi za ka ce?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, can Yamai, babban birni, an rubuta lakwal ɗinmu abin koyi ce. Ga shi har dabbobi sun shaida tana da daɗi."

Bai yi dariya ba. Ya yanke mini damin kara idan kaka ta yi, na karɓa. Amma tunda an ci ni tara kan makarantar nan, ina da ikon in faɗa muku yadda ta zama abin koyi.

Garinmu Tungar Hamma ne, yini guda a amalanke daga Filinge in jakin ba ya jin rigima. Makarantarmu rumfuna ce. Ba a kafa ta sai an yanke gero, don sai da kara ake bango, kuma ruwan farko ne ke ba da hutu, ba takardar gwamnati ba. Yara a ƙasa suke zama, mai gata ya zo da buhu. Haske, shugabar ƙungiyar iyaye mata, mai sayar da ƙuli-ƙuli a bakin rijiya, ta yi shekaru tana neman abu ɗaya: aji guda na siminti mai rufin kwano, inda ƴan ajin ƙarshe za su yi karatu har ranar jarrabawa ko da ruwa ya sauka. Bana ɗiyarta Asta na wannan ajin.

Sai manyanmu, Allah ya ƙara musu sanyin ofis, suka fito da sabon tsari. Za a bi makarantun yankin ɗaya bayan ɗaya, a ƙirga yara, a ƙirga kaya, a ji ta bakin iyaye, sannan a rubuta wa kowa alhakinsa. Wadda ta fi rashi ita za a fara gina wa aji. Da na ji haka na ce Haske ta gama wahala. In rashi ne ake gasa, mu ba mu da abokin karawa daga nan har Abala.

Saƙo ya zo cewa baƙi na tafe, a share fili. Aka taru gindin gawo. Tahiru, dattijon da ke shugabantar kwamitin makaranta, ya gyara rawani ya ce, "Jama'a, baƙi daga birni su taho su iske ɗiyanmu zube ƙasa kamar kaji? Da wane ido za mu shiga kasuwar Filinge bayan haka?"

Wanda bai san mu ba zai ce ƙarya ya kawo. Mu ba haka muke kiranta ba. In za ka yi biki ka ari tabarma, ka ari tukunya, ka ari babbar riga, ba mai cewa ka yi ƙarya. Sutura ce. Maƙwabtanmu na Rijiyar Alu kuwa suna da teburan makaranta, irin masu haɗe da benci, da wata ƙungiya ta taɓa ba su.

Haske ta miƙe daga bayan maza ta ce, "Baba Tahiru, likita za shi zo, kai kuma ka ce a ɗaure gyambo da sabon ƙyalle?"

Ya ce, "Haske, ke yarinya ce. Lokacin soja kina goye. Mota ta tsaya nan ba sallama, anka iske tsakar lakwal da kashin jaki. Kafin sati mushen da ke koya ma ƙannenmu ya tsinci kansa inda ko tsuntsu ba ya kai saƙo. Mu kuma munka yi wata muna share hanya. Babba in ya tambaye ka lafiya, lafiya yake son ji."

"Soja sun koma bariki, Baba."

"Sun taɓa komawa ai, sunka dawo."

Aka yi dariya, dariyar kuma ita ce ƙuri'a. Mushe Yahaya, malamin da ke riƙe da makarantar, ya duƙufa kan littafin sunayen yara. Ɗan kwantiragi ne, ba cikakken ma'aikacin gwamnati ba, kuma ɗan kwantiragi ya san bakinsa ba nasa ba ne.

Kailu mai amalanke ya yi jigilar teburan. Da aka jera su sai aka ga sun fi yaran yawa, don rabi na gona ana sussuka. Tebur ba yaro kuwa abin kunya ne shi ma. Aka aika rugar da ke bayan rijiya aka aro yara, aka wanke su, aka shafa musu mai, aka zaunar. Na ga wani ya riƙe allo a kife, cikin natsuwar da ban taɓa gani a majalisa ba.

Baƙin suka iso da hantsi cikin motoci uku masu baƙin gilashi. Shugabansu ban san sunansa ba, ni dai Mai Girma Sarkin Alƙaluma nake ce masa. Yana tare da wani da na naɗa wa sarautar Galadiman Taron Bita da wani saurayi mai na'ura a cinya. Suka ƙirga kawuna, suka ƙirga tebura, saurayin ya danna. Dole in yaba musu, ba su yi kuskure ko ɗaya ba. Abin da aka ajiye musu shi suka ƙirga.

Sai aka zo jin ta bakin al'umma. Sarkin Alƙaluma ya zauna kan wani tebur mai ƙafa ɗaure da waya, ya dubi dattawa ya ce, "To, iyaye, yaya makaranta?"

Dattawa suka ce, "Lafiya lau, sai godiya."

"Ba matsala?"

"Alhamdu lillahi."

Saurayi ya danna. A garinmu ko gawa ke kwance cikin ɗaki, in baƙo ya ce yaya gida, lafiya lau za ka fara ce masa. Sai ya sha ruwa, ya huta, ya sake tambaya, ya kuma sake, sannan magana ta fito. Mai Girma bai sake tambaya ba. Yana da gari biyu a gaba kafin la'asar.

Mata fa? An rubuta cewa a ji ra'ayin mata, kuma an ji shi, cikin miya. Duk suna bayan gidan maigari suna dafa wa baƙi rago. Haske aka ɗora kan tukunya don hannunta ya fi daɗi, kuma ina zargin Tahiru ya san abin da yake yi. Da ta kawo akushi ta durƙusa gaban Mai Girma ta ce, "Ranka shi daɗe, teburan ga ba namu ba ne."

Ya yi murmushi, hannunsa cikin nama, ya ce, "Madalla, Hajiya. Na ƙasa ne baki ɗaya. Irin wannan wayewar muke so."

Ta buɗe baki za ta ƙara, Galadiman Taron Bita ya tambaye ta ko akwai sauran yaji.

Suna cikin ci, Kailu ya loda teburan ta bayan gari, don Tungar Muna su ma sun roƙi aro, garin gaba da su ma haka. Amalanke ya bi ta gona, motoci suka bi hanya bayan an sha shayi. Direbansu ya faɗa mini daga baya a tashar Filinge cewa ƙusa ɗaya ta kama rigar Mai Girma a gari uku. A na ukun ya ce lallai a ja kunnen kafintocin yankin nan, aikinsu iri ɗaya ne.

Na ce wa direban, "Tsakaninka da Allah, bai gane ba?"

Ya ce, "Malam, wanda ya aiko a share fili kafin ya zo ya san abin da za shi gani. Ni tuƙi aka ɗauke ni."

Washegari da sassafe tawagar ta sauka Rijiyar Alu, masu teburan. Kailu bai mayar ba tukuna, jakinsa ya gaji. Aka iske yaransu zube a ƙasa. Saurayi ya danna.

Aka yi taron bita a Filinge, da lemu da ƴan jakunkuna masu tambari. Aka fito da taswira mai launi: ja ga masu tsananin rashi, rawaya ga na tsakiya, kore ga waɗanda suka wadata. Tungar Hamma kore shar. Rijiyar Alu ja wur. Yanzu haka ana zuba harsashin ajinsu, kuma an yi musu alkawarin sababbin tebura. Ba na baƙin ciki da su. Sun yi zumunci, Allah ya biya su nan take, abin da ba kullum yake yi da gaggawa haka ba.

Mu kuwa aka juyo kanmu da lissafi. Makaranta mai tebura, mai cike da yara, iyaye sun ce lafiya lau, amma yaranta ba sa cin jarrabawa: laifin wa? Mushe Yahaya ya sami takardar gargaɗi. Da aka sake karɓar ƙidayar yara bayan wata biyu, ƴan ruga sun tashi da shanunsu, sai aka rubuta cewa iyayen garinmu sun cire ƴaƴansu daga makaranta, aka sa kwamiti ya yi alkawarin maido su. Tahiru ya dangwala yatsa. Ban san inda zai same su ba, na ji an ce sun doshi arewa.

Na karanta tsarin daga farko har ƙarshe, don aikina ne. An rubuta alhakin malami, alhakin uba, alhakin uwa, har da na maigari. A gurbin manyanmu an rubuta aiki ɗaya: sa ido. Wannan kam sun cika shi. Ido suka sa.

Haske ta bar ƙuli-ƙulinta ranar kasuwa ta tafi ofishin da ke Filinge. Na raka ta, don an ce mai riƙe da alƙalami ana ba shi kujera. Ba a ba ni ba. Wani mai gilashi ya saurare ta har ƙarshe, ya ce, "Inna, na yarda da ke. Amma lamba ta shiga na'ura, ta wuce Yamai."

Ta ce, "Ɗana, wanda ya sa ta ba ya iya fidda ta?"

"Sai an sake ƙidaya. Tawaga za ta dawo duba aiki kafin damina. Ku nuna musu."

Ta dawo gindin gawo ta faɗa wa maza abin da ban iya bugawa duka a jarida. Ta ce wa Tahiru, "Baba, ka suturta gari, ka tuɓe ɗiyan gari. Wannan karo wanda ya aro ko tabarma, ni da shi." Tahiru ya ce a yi yadda ta ce. Ban raina masa ba. Mutum ya shekara sittin yana rufe tsiraicin garinsu, a ce ya buɗe da hannunsa gaban baƙo, ba ƙaramin abu ba ne.

Ranar da aka sa, ba a share fili ba. Yara suka zauna kan buhunansu. Mushe Yahaya ya jingina allon da ya tsage a inda kowa zai gani. Haske ta ƙi shiga madafa, ta zauna bakin rumfa da zanen ƙuli-ƙulinta. Dattawa sun yi ta maimaita abin da za su faɗa, don ba su saba ba. Na ji wani yana gwadawa a bayan masallaci: "Ba lafiya ba. Ba lafiya ba." Kamar mai haɗiye maɗaci.

Muka jira har inuwa ta juya. Sai ga yaron ofis a kan babur da saƙo: saboda tsimin man mota, tawaga za ta ziyarci makarantu masu matsala ne kawai. Masu launin kore ana taya su murna, su ci gaba da ƙoƙari.

Jarrabawa saura ƴan makonni. Tun yau Asta da ƴan ajinsu sun koma zauren Haske, tsakanin turmi da buhunan gyaɗa, Mushe Yahaya na rubutu a bayan ƙofa. Haske ta matsar da kaskon suya waje.

Kada ku ce an manta da mu. Wani abokina da ke shiga ofisoshi ya tabbatar mini cewa a tsarin baɗi an ware wa Tungar Hamma aiki na musamman, har an ba da kwangilarsa: gyara da fentin teburanmu, don an lura sun fara tsufa. Ina roƙon ɗan kwangilar alfarma ɗaya. In ya zo, ya aiko mana da wuri, mu san inda za mu aro masa abin da zai shafa wa fentin.