Gonar Kwakwata a Tsakiyar Teku

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da surukaina suka ga gonata ba. Furfura ta riga ta cinye mini kai a lokacin, don haka ba ni da damar cewa ƙuruciya ce.

Shekara ashirin na yi ina tsaron shagon sallaya da carbi a Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, tare da wani mutumin Indonesiya, Hasan. Mu a nan Jawa muke ce musu. Kwano ɗaya muke ci. Ya sha ba ni labarin ƙauyensu da ke kan wani ɗan tsibiri (har yau bakina bai iya faɗin sunan ba). Kafin ka isa sai ka hau jirgin sama biyu, ka shiga mota, sannan ka jira kwale-kwalen da ke zuwa in teku ta ga dama.

Da ya koma gida gaba ɗaya, sai ga saƙonsa a waya. Ya ce a al'adarsu, matafiyi in ya dawo yakan dasa kwakwa ɗaya da sunan wanda ya ci abinci da shi a baƙunta, kuma ya dasa tawa. Ya haɗo da hoto: ga shi a tsugunne kusa da wani ɗan tsiro, bayansa kuwa itatuwan kwakwa ne iya ganinka.

Na kai hoton majalisarmu ta unguwar Sa'alaba, inda muke shan shayi bayan la'asar. Abokina Malam Sani ya ƙura masa ido ya ce, "Duk wannan naka ne?"

Da na ce a'a, da yau ba ni da labarin bayarwa. Sai na gyara zama na ce, "Alhamdu lillahi."

Ku fahimce ni. Majalisa ce ta mutanen da kullum zancensu iƙama, wato takardar zama, da kafilin da ke tsaya wa baƙo, da inda mutum zai sa kansa in ƙarfi ya ƙare. Ni ko bulo ɗaya ban aza a gida Katsina ba. Sai ga shi rana ɗaya ana matsa mini wurin zama. Kafin wata ya ƙare tsiron ya zama gona, gonar ta kai bakin ruwa, sunana ya koma Mai Tsibiri. Na riƙa ba su labarin wurin da ban taɓa takawa ba: babu mai tambayarka takarda, kifi da kansa yake faɗowa cikin kwale-kwale, sauro ma na can yana da kunya. Mutum goma sha ɗaya na yi wa alkawarin fili. Malam Sani na ba shi na kusa da masallaci saboda ciwon gwiwarsa (ya yi godiya har da ƙwalla, Allah Ya yafe mini).

Matata ta ce in daina tun kafin abin ya fi ƙarfina. Na ce mata ba ta san harkar filaye ba.

Ana haka wani yaro Faisal ya fito neman auren 'yata Hauwa. Shi da iyayensa haifaffun Jidda ne, kakanninsu suka zo aikin Hajji a ƙafa suka zauna, suna da gidansu a unguwar Bani Malik. Hauwa na son yaron, ni ma na yaba da shi. Abin da ke cina a rai shi ne kada su raina gidan hayarmu mai ɗaki biyu, su ce 'yar mai tsaron shago ce. Da na ji labarin tsibirin ya riga ni isa wurinsu, sai na ji sanyi, ban ƙaryata ba.

Suka zo gaisuwa ranar Asabar da hantsi, shi da mahaifinsa, wanda kowa ke kira Abu Faisal, dattijo mai ƙarancin magana. Na gayyato Malam Sani ya zauna a gefena. An sha gahawa, an ci dabino, magana tana tafiya daidai. Sai Abu Faisal ya ce ya ji Allah Ya yi mini arzikin gona a ƙasar Jawa. Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u na ce ɗan abin da ba a rasa ba ne.

Abin da na manta shi ne Faisal a ofishin sayar da tikitin jirgi yake aiki. Yaron ya ce, da Hausarsa mai gauraye da Larabci (su baffa suke ce wa Ammi), "Ammi, wallahi can nake so in kai Hauwa bayan biki. Ba ni lambar wakilinka in ji hanya. Yanzu can da sauran rana."

Na ce ai wurin ba a cika samun sabis ba, sai an hau tudu. Wannan kam gaskiya ce, kuma ita kaɗai ta rage mini. Ya ce a gwada. Dole na ba shi lambar Hasan. Ya kira ta bidiyo, ya haɗa wayar da talabijin ɗin falo don dattawa su gani da kyau. Ban taɓa roƙon Allah Ya katse wa bawansa waya ba sai ranar. Hoton ya fito tar, har haƙorin Hasan da ya karye a shagonmu ana gani.

Murna ta kama Hasan. Da Faisal ya ce iyali ne suke son ganin gonar Haji, sai ya ce, "Yalla, yalla," ya kama hanya da wayar a hannu. Ya shiga cikin dogayen itatuwan nan na hoto. Abu Faisal ya ce masha Allah. Malam Sani ya matso yana neman masallaci. Hasan ya ce wannan ta kawunsa ce, ya wuce. Ya wuce wasu gidajen katako, ya wuce inda ake shanya kifi, ya zagaya bayan garken awaki, sannan ya tsuguna.

Ga ta nan, tsawonta bai wuce gwiwa ba. An kewaye ta da tsohuwar komar kamun kifi, an kafa ɗan allo da sunana a jiki. Ganye uku gare ta, akuya ta ci ɗaya da rabi.

"Haji, ka yi haƙuri," in ji Hasan. "Ta farkon ta mutu, wannan ta biyu ce. Matata ke ba ta ruwa kowace safiya, tana yi maka addu'a."

Daga bayan labule na ji faɗuwar cokali, na san matata ce. Malam Sani ya dube ni ya ce a hankali, "Mai Tsibiri, nawa filin ta wane gefen akuyar yake?"

Abu Faisal ya yi ta danne dariya har gahawa ta sarƙe shi. Ni kuwa zufa har cikin takalmi. Kunyar ƙaryar daban, amma wadda ta fi ci mini rai ita ce ta Hasan: mutum ya yi mini kyauta da zuciya ɗaya, ni kuma na ga ta yi mini kaɗan. Na buɗe baki na faɗa musu komai, tun daga Alhamdu lillahin farko. Na ce in sun fasa ba zan ga laifinsu ba, amma su sani Hauwa ba ta da hannu.

Dattijon ya goge idonsa ya ce, "Abu Hauwa, mun yi tambaya a kanka a Balad kafin mu zo, mun san ko keke ba ka da shi. Na so in ji inda za ka tsaya ne. Mutumin da aka dasa wa itace a ƙarshen duniya saboda ya iya zama da mutane, ina son jikokina su fito daga gidansa. Halas, magana ta ƙare. Amma tsibirin nan ka bar shi haka."

An ɗaura aure. Ɗaif, nan bayan Makka, Faisal ya kai ta, suka sha iska suka dawo.

Bara wata mai zuwa Umara daga ƙauyen ta kawo mini saƙo a cikin zani: kwakwa ɗaya, ta farko da itaciyata ta haifa. Na kai ta majalisa na fasa, na yanka ta goma sha ɗaya, na miƙa wa kowa filinsa a hannu. Malam Sani ya ce nasa bai kai na kusa da masallaci ba.

Tun daga ranar, in aka nuna abu aka tambaye ni ko duk nawa ne, ba na gode wa Allah sai na fara sa yatsa a kan daidai inda nawa ya tsaya.