Rasuwar Misisi, Baƙar Motar Gindin Dutse

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Baba Vandi Kwaji, mai masaukin baƙi na Gindin Dutse, mil huɗu daga Mubi a hanyar Michika, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, wadda kowa ya sani da suna Misisi. Ta cika ranar Asabar da hantsi, cikin watan Maris na 1964, a ƙarƙashin tsamiyar da ta saba kwana, bayan doguwar jinya.

Ba a san shekarunta daidai ba. Wani Bature mai sayen gyaɗa ya zo da ita tun kafin yaƙin duniya na biyu, da zai koma gida ya bar wa Vandi, wanda ya yi masa kuku shekara goma sha ɗaya. Baƙa ce, doguwa, da idanu biyu a waje kamar na kwaɗo. Ba ta tashi sai an murza ƙarfe a hancinta. Takan ce "kuf, kuf, kuf", ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta ɓarke da "gur-gur-gur" har kaji su watse. Ƙahonta na roba yana cewa "baaf". Ba ta taɓa take ko ɗan tsako ba, don ba ta taɓa yin saurin da za ta cim masa ba.

Dominta aka gina masaukin: bukkoki uku da gadajen kara. Malaman makaranta da akawuna daga Lokuwa da Sabon Layi sukan zo ran Asabar su kwana, su sha iskar dutse, su kalle ta, a zaga da su gonar dawa sau ɗaya. Daga nan a zauna ɗanɗana giyar Liyatu, matar gidan: ta jar dawa, da fara, da ta zuma mai kwantar da mutum bai shirya ba. Musulmi kuwa a dama musu fura da nono.

Ba a raina marigayiya ba ko sau ɗaya. A al'adar duwatsun nan, ƙoƙon farko na sabuwar giya na wanda ya fi girma a gida ne. Vandi ya duba gidansa bai ga wanda ya kai Misisi girma ba, saboda haka duk dahuwa yakan buɗe murfin lagireto, inda ake zuba mata ruwa, ya zuba mata nata kafin kowa ya kai baki.

Ciwon ajali ya soma da zazzaɓi. Tana tafiya kaɗan sai hayaƙi ya tashi daga kanta, tana "fsss" kamar tukunya. Bobboi bakanike ya zo daga gari a kan keke, ya buɗe cikinta, ya tarar da dusar giya ta daskare kamar tuwon jiya. Ya ce giya ce ta kashe ta. Vandi bai yarda ba. Shi abin da ya sani, makonni uku kafin nan wani baƙo mai ƙishirwa ya riga ta ɗaukar ƙoƙon farko, tun ranar kuma ba ta sake cewa "gur-gur" da daɗin rai ba. Maganarta ta ƙarshe "kuf" ce guda ɗaya.

Ta rasu ta bar ƙanwarta, wata a-kori-kura marar inji da kaji ke ƙwai a ciki, da babur mai ƙafa ɗaya, da Liyatu, wadda ba ta yi kuka ba. Ta kuma bar Vandi, kuma a nan ne maganar take da nauyi.

Waɗanda suka zo masaukin a makon ƙuri'ar raba gardama, shekara uku da suka wuce, za su tuna. Ana ta musu, wasu Nijeriya, wasu Kamaru, sai aka tambayi Vandi ina ya nufa. Yana riƙe da ƙoƙon farko, ya ɗaga shi a gaban mutum ashirin ya ce, "Ni ba inda za ni in bar Misisi. Ranar da aka gama binne ta, a binne ni." Aka yi dariya, ya zuba mata. Liyatu ta ce masa, "Maigida, bakinka ya fi motarka gudu." Kowa ya san abin da aka faɗa a kan ƙoƙon farko ba ya dawowa.

Yau kwana shida ke nan Vandi yana tashi da tari, kuma tarin "kuf, kuf, kuf" yake cewa. Ƙirjinsa da zafi. Gwiwarsa ta hagu tana ƙara irin ta ƙofar marigayiya. Jiya da rana tsaka akuya ta taka ƙahon, ya ce "baaf", Vandi ya amsa "na'am" kafin ya san ya amsa. Ba ya bi ta gindin tsamiya, don idanun nan biyu suna kallon ƙofar ɗakinsa. Fasto ya ce mota ba ta da rai, ya yi masa addu'a, Vandi ya gode. Amma fasto ba ya wurin ranar da aka ɗaga ƙoƙon.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. Kamar yadda aka gada, maƙeri ne mai ɗaukar gawa a kafaɗa ya kai ta makwanci, ba wani ba. An kira Zira maƙeri, ya zaga ta sau biyu, ya ce ko kakansa ba zai ɗauki wannan gaba ɗaya ba, sai dai gaɓa-gaɓa. Vandi ya riƙe hannunsa ya sa shi ya maimaita a gaban shaidu, don binnewa ba ta ƙare ba sai gaɓar ƙarshe ta shiga ƙasa.

Saboda haka za a fara ranar Asabar mai zuwa da hantsi. Zira zai kwance noti guda ɗaya daga ƙafar baya, ya ɗora a kafaɗa, a raka shi da ganga zuwa bayan gona. Noti na biyu sai baɗi, bayan an girbe dawa. Bobboi ya tabbatar notocin jikinta sun fi gashin gemun Vandi yawa. Kafin nan marigayiya tana nan a gindin tsamiya, masu ta'aziyya za su iya ganinta, akwai wurin kwana, Liyatu kuma ta jiƙa dawa.

Ana roƙon jama'a kada kowa ya taya ɗauka, kada a kawo jaki. Zira mutum ne mai gaggawa, kuma an ga yana shafa ƙarafan ƙarƙashinta yana maganar fartanya. Duk wanda ya hange shi ya nufo Gindin Dutse da kwando, don girman Allah ya tare shi a hanya, ya ba shi giyar zuma.