Ƙugiyar Zinare

"Lafiya lau, Amarya, gajiya ta bi ruwa! Bar gaisuwar nan haka, miƙo min babban baho!"

Da wannan ihu Kaka ya faɗo gida da la'asar, wando a naɗe har gwiwa, sandar fatsa a kafaɗa, bokiti na rinjayar shi gefe guda. Jikarsa, wadda duk gidan ke kira Nas saboda aikin asibitin da take yi, tana bakin famfo tana wanke kofuna. Shi kaɗai ne ke ce mata Amarya, tun tana cikin zanin goyo.

Akwai magana a tsakaninsu. Tun da bazara ta kama, duk Asabar sai tsohon ya tafi madatsar ruwa, ga hawan jini, ga rana kamar ta dafa ƙwai. Baban Nas ya gaji, ya ce ta kulle sandar a ɗakinta. Kaka ya yi tsalle ya dire. A ƙarshe aka yi sharaɗi: in ya kamo kifi da hannunsa a wannan Asabar, sanda ta zauna, in ya dawo hannu rabbana, shi da bakin ruwa sai a mafarki. Ita kuwa Nas, da yake ba ta yarda da sa'a ba, tun da asuba ta lallaɓa ta kwashe ƙugiyoyin da ke cikin gwangwaninsa kaf, har ta jikin zaren ta yanke. Shi ya sa yini guda hankalinta kwance. Abu ɗaya ne ya ɓata mata rai, ɗan kunnenta na hagu da ta nema har ƙarƙashin gado ba ta gani ba.

Kaka ya juye bokitin a baho. Wata tarwaɗa ta faɗo tim, baƙa wuluk, kaurin damtse, ta bugi ruwa da jela ta jiƙe wa Nas fuska.

"Innalillahi! Ango, wa ka yi wa fashi?"

"Fashi? Ke dai faɗi ki gaida mijinki, sarkin ruwa!"

"Sarkin kasuwa dai. Wane mai kifin ne ya ji tausayin furfurarka?"

"Ji ta! Kifin kasuwa ne ke marin mutum? Share fuskarki mana, shaida ce."

"Ai da ransu ake sayar da su a baho, ka ɗauka ban taɓa zuwa kasuwa ba? Kifi na ganinka, mai jar koma."

"To zauna ki sha labari, 'yar baƙin ciki." Ya ja kujera ya zauna yana huci, idanunsa na ƙyalli kamar na yaron da aka saya wa keke. "Ruwa ya ja baya sosai, duwatsun da rabona da ganinsu tun kina rarrafe duk sun fito. Ruwan gefe ya yi ɗumi, ko shayi ka haɗa da shi. Samari sun jeru a rana suna ta jifa a bakin gaɓa, sai 'yan karfasa kamar tafin hannun jariri. Na ce musu, 'Ku ta wahala. Da zafin nan babban kifi ba ya zama a sama, gindin dutse yake shiga inda ruwa ke da sanyi.' Suka yi min dariya."

"Ni ma da ina wurin da na taya su."

"Na gangara ƙarƙashin magudana, wajen inuwa. Na sa tana, na saki zare har ƙasa. Shiru. Shiru. Can sai na ji wuf! Sanda ta lanƙwashe, wallahi har ta gaida ruwa!"

"Kai kuma ka gaida ƙasa."

"Sau ɗaya! Santsi ne. Ta ja, na ja. Ta yi gabas, na bi ta. Masu dariyar nan duk suka yar da sandunansu suka zo kallo. Wani ya ce, 'Baba, kawo in taya ka.' Na ce, 'Taya uwarka tuƙa, ɗan nan, wannan da ni take magana!'"

Nas ta ƙunshe dariya. Labarin ya yi daɗi, har ta ji kamar tana wurin, amma ta san abin da ta sani. Ta goge hannu a zani, ta tsaya a kansa.

"Ango, ramin ƙarya ƙurarre ne. Tambaya ɗaya zan yi maka. Da me ka kama ta?"

"Da ƙugiya mana. Da haƙori zan kama ta?"

"Wane haƙorin, guda ukun? Na ce wace ƙugiya?"

Kaka ya kwantar da kai gefe, ya dube ta. "Ikon Allah. Me ya sa kike tambayar ƙugiya, Amarya? Ko kin san wani abu ne game da ƙugiyoyina?"

Ta kawar da kai. "Ni? Ina ruwana da tarkacenka?"

"Ai shi ne. Na isa bakin ruwa, na buɗe gwangwani, wayam! Na ce ɓera ya yi min ɓarna. To amma ɓeran nan ɗan gayu ne, don ya bar min shaida." Ya sunkuya, ya danne kan tarwaɗar, ya buɗe bakinta. "Zo ki duba, ke da kika iya duba maƙogwaron mutane."

Ta leƙa. A gefen leɓen kifin, ɗaure da guntun zare, wani abu ne rawaya ke walƙiya, an lanƙwasa shi an wasa bakinsa. Hannunta ya tafi kunnenta na hagu da kansa.

"Ɗan kunnena! Wayyo, Ango, ka kashe ni! Zinare ne fa!"

"A cikin gwangwanina na tsince shi. Ko ƙafa gare shi?"

"Wanda zai aure ni ne ya kawo min!"

"Wannan mai siririn wuyan da ke son ƙwace min mata? To albishirinki. Na goga abin nan a dutse, na sa filaya na murɗe shi, tarwaɗa ta ja shi rabin awa bai miƙe ba. Zinare ba ya wannan aikin. Ƙarfe ne tsantsa, ruwan zinare aka shafa masa! Yaron ya iya zaɓen ƙugiya, ban dai san mata ba."

"Allah ya isa tsakanina da kai!"

"Da ni ko da ɓera? In za ki gina ramin mugunta, gina shi gajere. Rana dubu ta ɓarawo!"

Kunya ta kama ta, dariya kuma na cin ta. Ta zauna a bakin baho ta yi ƙasa da murya.

"Tsoro nake ji, Kaka. Kar wata rana a kira ni a ce ka faɗi a can, ba kowa kusa."

Shi ma ya sassauta. "Na sani. Amma tun da kakarki ta rasu, in na zauna a ɗakin nan bango kawai nake kallo. A bakin ruwa ne nake jin ni mutum ne. Kika kulle sandar nan, ni kika kulle."

Wayarta ta yi ƙara. Babanta ne. Kaka ya bi wayar da ido.

"Baba, ya kamo," in ji ta. "Da hannunsa, ni shaida ce. Sanda ta zauna. Amma daga yau tare za mu riƙa zuwa, da lema da maganinsa."

Tana ajiye wayar Kaka ya miƙe ya taka rawa, gwiwa na ƙara.

"Sai ki dawo min da ƙugiyoyina, ɓarauniya!"

"Na zuba su a shara, mota ta kwashe." Ta cire ɗan kunnen dama ta danƙa masa a tafin hannu, tana dariya har da hawaye. "Ungo, ka haɗa biyu. Asabar mai zuwa ɗaya taka, ɗaya tawa, mu ga wanda kifi zai fi so."