Ɓarɓashin Sukari a Ranar Bikin Ɗiyata

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar bikin ɗiyata ta fari ba. Shekara ashirin da biyu ina tara mutunci a kasuwar Madawa, ga babbar riga sabuwa, ga dangin ango mota biyu daga Ibohamane, duka na ɗora su kan abin da bai cika tafin hannu ba.

Da muna yara, sukari dunƙule yake zuwa, mai tsini, naɗe cikin shuɗiyar takarda. Inna takan zauna bakin murhu ta fasa shi da gindin wuƙa, mu kuwa mu kewaye ta muna jiran abin da zai fantsama. Wanda ya tsinta nasa ne. Wanda ya yi aike ba gardama, shi ake ba takardar ya lashe. Yau sukari cikin leda yake, a yage a zuba, babu abin da ke tsalle. (Kuma in faɗi gaskiya, ni ne babban mai sarin ledar nan a layinmu.)

Na sha ba yarana labarin, su ce sukari dai sukari ne. To ranar bikin sai wani abokin cinikina na Keita ya kawo gudummawar dunƙule guda, har da takardarsa. Na bar baƙi a zaure na ce ina zuwa. Mata na can waje wajen manyan tukwane, madafa ba kowa, na ja autata Nana muka shiga. Na shimfiɗa takardar, na buga wuƙa yadda Inna ke yi. Ya fantsama! Na ce ta tsinta da sauri. Ta dube ni ta ce a lakwal malamai sun hana su cin abin da ya taɓa ƙasa.

Sai na ce bari in gwada mata. Na tattare riga na durƙusa, ina dangwalo ɓarɓashi da yatsa ina kaiwa baki. Daɗin ya ɗauke ni, na ɗaga takardar da hannu biyu na hau lasa. Ina cikin haka haske ya ragu a ƙofa. Gwaggon ango ce, da mata huɗu bayanta, sun zo gaida uwar amarya sun ɓata hanya. Uban amarya gurfane, hula a karkace, harshe shuɗi.

Can tsohuwar ta miƙa wa ta bayanta sandarta, ta durƙusa da ƙyar kusa da ni.

“Alhaji, kak ka canye shi duka. Yago mini gefen takardar.”

Ta lasa, ta rufe ido, ta ce rabonta da wannan tun tana ɗakin uwarta. Nana da ta ga haka ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ɗanɗana. Na tambaye ta yaya, ta ce kamar sukari.

Har yau in na shiga Ibohamane, mata kan tambaye ni ko harshen ya wanke. Nana dai ban shawo kanta ba, wannan asara ce, na karɓa. Amma na gane irin wannan haja ba a tallata ta ga yara, masu furfura ke saye. Duk Salla nakan aika wa gwaggo dunƙule guda, ita kuma ta yago rabin takardar ta maido mini.