Ranar da Na Kira Sunan Surukina a Kan Dutse

Ba zan taɓa mantawa da abin da Balki ta yi mini ba, kuma ban ce na yafe ba. Shekara huɗu muna zaune gida ɗaya a unguwar Al Qusais da ke Dubai, tukunya ɗaya, firji ɗaya. 'Yar Maraɗi ce, da Faransanci ta yi boko, ta je Faransa sarin turare ya fi a ƙirga. Amma da tafiya ta kama ni, sai ta gaya mini komai ta bar abu guda. Ta gaya mini irin safar da zan saya a kasuwar Karama. Ta ce kada in kusanci cukunsu mai wari. Ta koya mini "bonjur" da "marsi". Abu ɗayan da zai tsare mini mutunci, shi ta haɗiye. (Wai mantawa ta yi. Matar da har yau ba ta manta wanda ya taɓa mata sabulu bara ba.)

Abin da ya kai ni Faransa haihuwa ce. A farkon 2019 'yata ta fari ta sauka a wani gari da ake kira Grenoble, inda mijinta yake aikin injiniya. Ɗan Damagaram ne, yaro mai ladabi. Ku riƙe wannan da kyau: ni ba na kiran sunan 'yar fari, balle na mijinta. Ita "yarinyar nan" ce, shi kuma "mutumin Damagaram". Shekara uku da auren, ban taɓa cin ko dabino a gabansa ba. In zai gaishe ni, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, idonsa a ƙasa, nawa a bango. Na yi Dubai, na hau bene mai hawa hamsin, amma wannan kunyar ban bar ta a filin jirgi ba. Da ita nake taƙama.

Sai kuma halina, wanda gara in faɗa da bakina. Ina da shekara talatin da bakwai na shiga ajin yaƙi da jahilci. Yau ni ce mai rubuta takardun kaya a wani ofishin kargo a Al Khabaisi, kwantena ba ta tashi sai na sa hannu. To wanda ya daɗe ana karanta masa wasiƙarsa, in Allah ya buɗe masa ido, ba ya ƙaunar a sake zaunar da shi ana yi masa bayani. Da an fara "kin gane, Hajiya", sai in ce na sani. Sau da yawa kuwa na sanin. Wani lokacin ne dai.

Da biza ta fito, yarinyar nan ta ce a waya garinsu duwatsu ne kewaye da shi, kuma mutane na zuwa daga ko'ina su yi zamiya a kan dusar ƙanƙara. Balki ta ce, "Yalla, tashi mu tahi ki gwada tun nan." Ta kai ni katafariyar kasuwar nan da aka zuba ƙanƙara a cikinta. Aka ba ni aron rigar sanyi, na zauna cikin wata tayar roba, aka tura ni na sulalo sau biyu. Na tsaya aka ɗauke ni hoto. Na hangi wasu kujeru suna yawo a sama, rataye da waya, na tambayi Balki, ta ce, "Na masu hawa can bisa ne, bar su." Shi ke nan bayaninta. Da muka fito ta tafa hannu ta ce, "Khalas, an gama, kin zama 'yar Faransa!" Ni kuma na aika hoton da saƙo: "Ku shirya, na iya ƙanƙara."

Kwana arba'in ɗin farko ban ga komai na garin ba sai tagar kicin. Wankan jego, kunun kanwa, gashin cibiya, aikin da ya kawo ni. Sai da aka yi arba'in suka zaga da ni tsohon gari. Gaskiya ya yi kyau. Lunguna ne matsattsu an shimfiɗe su da dutse, gidajen sun girmi kakan kakana, ga kogi ya ratsa ta tsakiya, kuma duk titin da ka miƙe sai ka ga dutse fari fat ya tsaya a ƙarshensa kamar mai gadi. Muka shiga wasu ƙwallayen gilashi da ke ɗaukar mutane su haye kogin zuwa wata tsohuwar ganuwar sojoji a kan tudu. Ƙwallon ya tsaya, ƙofa ta buɗe, na fita da ƙafar dama. Na ce a raina, ashe duk ɗaya ne da metro, jirgin ƙasanmu na Dubai. Ni da kullum sai na hau metro sau biyu, ya tsaya, a faɗi sunan tasha da Larabci a maimaita da Turanci, ƙofa ta buɗe. A duniyata, abin hawa tsayawa yake yi kafin mutum ya sauka.

Ranar Asabar muka nufi wurin zamiyar, tafiyar kamar awa guda a mota, hanya tana ta naɗewa. Yarinyar nan ta samu wuri a wani shagon shayi a gindin dutsen ta zauna da jaririya.

"Mama, ki zauna mu sha shayi, ki yi kallo daga nan."

"Tun daga Dubai na zo in sha shayi?"

Ta rage murya. "Mama, wannan fa ba irin na kasuwa ba ne."

"Ƙanƙara ƙanƙara ce."

Ta dubi mijinta, mijinta ya dubi takalminsa. Ina zai iya cewa surukarsa ba ta iya ba? Ya je ya karɓo mini takalma masu nauyin turmi da wasu dogayen alluna biyu da ake ɗaura su a ƙafa. Ga wando, ga rigar sanyi biyu, ga abaya a sama, ga hular kwano a kan hijabi. (Akwai hoton. Ba za ku gani ba.) Na ja ƙafa da sanduna biyu har layin kujerun nan masu yawo a waya. Ban gama bisimilla ba wata ta zo ta baya ta kwashe ni kamar ludayi.

Kujerar mutum huɗu ce. Na manne a wannan ƙarshe, ya manne a wancan, ya sauko da ƙarfen da ke tare mutum. Muka lula sama. Ina kallon itatuwan dama, yana kallon na hagu. Can ya yi gyaran murya, ya yi magana da wata bishiya.

"Mama, ana cewa idan an kusa kaiwa, sai mutum ya ɗan matso gaba, ya…"

"Na sani."

"To, Mama."

Muka ci gaba. Iska tana yanka mini kumatu. Ya sake gwadawa, bawan Allah.

"Mama, wurin saukar ne dai, ita kujerar…"

"Yaro, abin hawa nawa na hau a rayuwata?"

Ya yi shiru. Shirun da na saya da bakina.

Muka iso ƙololuwa. Ya ɗaga ƙarfen, ya miƙe tsaye, ya sulale gefe kamar ruwa. Ni kuwa na gyara zama, na tattara abayata, ina jiran ta tsaya. Har a raina ina cewa yaran zamani ba su da haƙuri, abu bai tsaya ba sun dira.

Ba ta tsaya ba. Ta zagaye wata ƙatuwar tayar ƙarfe mai jan wayar, ta juya, ta fuskanci inda muka fito. Ƙasar da ke ƙarƙashina ta fara janyewa. Na duba gabana na ga kwari, na ga motoci kamar ƙwayar wake, ga ni babu ƙarfen tarewa, ga alluna suna jan ƙafata ƙasa.

Na yi niyyar salati, Allah shaida. Abin da ya fito daban.

"Laminu! Laminu, ka tare ni! Laminuuu!"

(Tunda dutse ya ji, ku ma ku ji. Sunansa ke nan.) Kuma dutsen bai rufa mini asiri ba, sai da ya maido mini da sunan daga can tsallake, in ji da kunnena abin da na aikata.

Allunan ƙafata suka bugi wani siririn sanda, sai komai ya tsaya cak. Ashe don irina aka dasa shi. Duk kujerun da ke kan wayar, tun daga gindin dutse har sama, suka tsaya suna lilo, Turawa rataye bibbiyu da hurhuɗu, kowa ya miƙo wuya yana neman wadda ta tsayar da duniya. Ga ta nan cikin baƙar abaya, allo ɗaya ya suɓuce ya faɗi, ɗayan yana reto.

Tsayin bai wuce na katanga ba, daga baya na gane. Wata ma'aikaciya mai jan kumatu ta fito daga ɗan ɗakinta tana ta zuba Faransanci, ta cire mini allon da ya rage, tana nuna mini in zamo a hankali. Surukina ya zo ya tsaya a ƙarƙashina ya miƙa hannu biyu. Amma saboda ladabi sai ya kawar da fuskarsa gefe. Ku gaya mini, wa ya taɓa cafe abin da ba ya kallo? Na saki jiki, na faɗo masa a ka, muka zube cikin ƙanƙara, hannuna biyu a wuyansa, ina maimaita "marsi, marsi" ban san wa nake yi wa ba. Mutanen sama suka ɗauki tafi. Wani har da fito.

A kujerar aka maido mu ƙasa, wannan karon ma'aikaciyar ta tsayar mini da ita musamman, kamar amarya. Yarinyar nan ta tare mu tana duban ƙanƙarar da ke hularsa.

"Me ya faru? Na ga kujeru sun tsaya."

Ya ce, "Ba komai, iska ce."

Wannan rufin asirin ya fi faɗuwar yi mini ciwo. Muka kama hanyar gida.

Bayan la'asar na shige ɗaki na kira Balki. Na ce, "Me ya sa ba ki gaya mini kujerar ba ta tsayawa ba?"

"Mi? Ba ki tashi ba?" Na ji wani abu ya faɗi, ina jin wayar ce. Da ta dawo muryarta na rawa. "Hajiya, to wa ya sauko da ke?"

Na gaya mata. Na gaya mata har abin da na kira. Ta yi dariya har ta koma tari, sannan ta ce, "Ai ko na hwaɗi miki, cewa za ki yi kin sani." Na kashe wayar. (Ban ce ƙarya ta yi ba. Na ce ban yafe ba.)

Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ni ƙin tashin ne ya zame mini muguwar rawa. Na zauna ina lissafi: in ce ofis na nemana in gudu Dubai, ko in ƙarasa sati biyun da suka rage a ɗaki, a riƙa turo mini abinci ta ƙofa? Girman da na gina shekara uku ya tafi cikin ihu uku. Da na sake dubawa sai na ga ba ihun ne ya zubar da shi ba. Tun a kan kujerar na zubar, lokacin da yaro ya ci kunyarsa har sau biyu don ya cece ni, na rufe masa baki. Abin da na koya dai, "na sani" ba ta da birki.

Da safe ya zo gaisuwa. Ya durƙusa nesa da inda ya saba, kusan a waje, kamar shi ne ya yi laifin.

"Mama, an tashi lafiya? Ya jikin?"

Na juyo na dube shi sosai, karo na farko. Ashe yana da ɗan tabo a gira.

Na ce, "Jawo kujerar can ka zauna."

Ya zauna a gefen bakinta.

"Abin da ka fara faɗa jiya na katse ka, ɗauko shi daga farko. A hankali, kada ka tsallake komai. In ka gama, ka tayar da mota mu koma dutsen."