Sadakar Arba'in Daga Saman Jirgin Ruwa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sadakar arba'in ɗin mahaifina, kuma ba don hawaye kaɗai ba.

Ni direba ne a Riyad, a gidan wani Balarabe mai suna Salih, a unguwar Al-Nasim. Aikina kai yara makaranta, da cefane, da tura keken mahaifinsa, dattijo Abu Salih, wanda ƙafafu suka daina ɗauka. Ranar da Baba ya rasu a Daura ina cikin layin ɗaukar yara a ƙofar makaranta. Kafin in sauke su a gida har an kai shi makwancinsa. Ban sallace shi ba, ban zauna karɓar gaisuwa ba, hutuna kuma da saura. Shi ya sa na ɗora raina a kan arba'in. Ni ne babba a gidanmu. Muka shirya ƙanena Nura zai kira ni ta bidiyo, in yi wa jama'a godiya da bakina, Inna ta ji muryata cikin masu cewa amin.

Ana haka Salih ya ce iyali za su tafi hutu a jirgin ruwa, irin manyan nan masu hawa-hawa da ke tashi daga Jidda su zaga Bahar Maliya. Ya ce, "Har da kai. Tsoho ba ya yarda kowa ya tura shi sai kai." Na duba kwanan wata, na ga arba'in ta faɗo a tsakiyar tafiyar. (Wanda takardar zamansa ke ƙarƙashin sunan wani ba ya yawan cewa a'a.)

Na kira ƙanen Baba, Baffa Isuhu, na ce, "Baffa, zan raka maigida Jidda, amma za a same ni a waya."

"Jidda? Allahu Akbar! Umra ke nan! Kai ɗan albarka ne. Ranar arba'in ɗin ubanka kana gaban Ka'aba."

Na buɗe baki zan gyara, sai na jiyo Inna daga bayansa tana cewa alhamdulillahi, da wata murya da ban ji ta yi ba tun rasuwar. Na rufe bakina. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. A raina na ce in ranar ta zo zan nemi bango fari in jingina, in ce ina masauki.

Saura maganar waya. Na je kasuwar Batha wurin Mamman, wani mutumin Damagaram mai gyaran waya. Ya ce layina zai ci ni da tsada da zarar mun bar Saudiyya, amma akwai layin da ba a saka shi da hannu, eSIM sunansa. Ya sa na haska wani zane mai ɗigo-ɗigo da kyamara, ya danna nan ya danna can, ya ce, "Halas, an gama."

Na ce, "To ina layin?"

"Yana ciki, Malam. Kai dai ka tafi. Duk ƙasar da za ku taɓa yana ɗauka."

Gaskiya ya faɗa. Ƙasa ya ce. Ni ne ban tambayi ruwan da ke tsakanin ƙasa da ƙasa ba.

Ranar da muka shiga jirgi, Salih ya ce in kawo wayata ya haɗa ni da intanet ɗin jirgin kamar sauran iyali. Na ce, "La, shukran, ina da nawa." Har na tsaya ina yi masa bayanin eSIM, kamar a ɗakina aka ƙera shi. Ya ɗaga kafaɗa ya wuce.

Gine-ginen Jidda na ɓacewa, sabis ya bi su. Na kashe waya na kunna. Na ɗaga ta sama, na kai ta taga. Wani Ba'indiye mai kawo abinci ya gan ni ya ce, "Aboki, wannan layin na tudu ne. Sai mun kusa gaɓa." Abin da ya kamata shi ne in koma wurin Salih in ce na yi kuskure. Ban koma ba. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa shi har da kunnuwa.

Safiyar arba'in aka ce muna dab da wata tasha. A ɗakina na can ƙasa babu ko ɗigon sabis. Ba'indiyen ya ce in hau can ƙololuwa, ɓangaren da ke kallon tudu. Abu Salih ma ya ce iska yake so. Dama ranar ce matar Salih ta raba wa kowa riga iri ɗaya don hoto, mai ruwan lemo da zanen itacen kwakwa, da malafa mai faɗi. Ni ma an ba ni, kuma ba a mayar da kyautar uwar gida. Haka na tura dattijo muka hau.

Wurin da sabis ya kama, bakin tafkin wanka ne. Wayar ta hau rawa a hannuna, saƙonni na shigowa kamar an ɓalle famfo, yawanci na Nura: "Yaya kana ina? Malamai sun zauna." Ban gama karantawa ba kiransa ya shigo. Tsoron kada sabis ya sake gudu ya sa na amsa nan take. Na manta da bango fari. Na manta da malafa. A ɗaya hannun kuma ina riƙe wa dattijo kofin lemonsa, mai 'yar lema a saka a baki.

Abin da ban sani ba, Nura ya haɗa wayar da lasifika, don jama'a su ji sautin Harami. Na ga ƙofar gidanmu cike, tabarmi har bakin titi, malamai a gaba, faranten waina a gefe. Na ji Baffa yana cewa, "Jama'a a saurara, ga babban ɗan marigayi daga ɗakin Allah."

Daidai nan aka saki kiɗa a bayana. Wasu tsofaffin Turawa, maza da mata, suna cikin ruwa zuwa ƙirji suna motsa jiki, wani saurayi da gajeren wando yana busa musu usur. Nura kuwa, da yake shi bayan wayar yake gani, ya ci gaba da zagayawa da ni sahu-sahu, a hankali, don kowa ya samu tabarraki.

Kowa ya zuba wa wayar ido. Sai Malam Ɗanjuma, abokin wasan Baba tun suna yara, ya matso da fuskarsa har ta cika wayar, ya ce, "Ikon Allah. Isuhu, Zamzam ɗin ce ta yi ambaliya haka?"

Wani ya yi tari. Wani ya kasa riƙewa. Baffa ya ce, "Nura, kashe abin nan." Ni kuma godiyar da na kwana biyu ina shiryawa, abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Ina kwananku."

Abu Salih ya ga fuskata ya tambayi abin da ya faru. Na gaya masa da guntun Larabcina. Ya ce in cire malafar. Ya ɗaga hannu ya yi wa Baba addu'a, na ce amin, kiɗa na tashi. Mu biyu ne jama'ar.

Da rana, jirgi na tsaye a tasha, na yi ta maza na kira Inna. Ba ta kiran sunana, ɗan fari ne ni. Ta ce, "Kai, ka ci abinci?"

Na ce, "Inna, ki yafe mini. Ban ce Umra zan je ba, amma..."

"Amma ba ka ce ba ita ba ce ba." Ta ƙara da cewa, "An yi dariya a gidan nan yau. Rabon da a yi tun yana kwance. Da yana nan shi zai fi kowa." Sai ta ce, "Ubanka bai taɓa ganin teku ba. Juya mini in gani."

Na juya wayar. Mun daɗe a haka, tana kallon ruwan.

Da muka dawo Jidda, Abu Salih ya sa ɗansa ya ba ni kwana ɗaya, na shiga Makka na yi wa Baba Umra. Daga harabar masallaci na kira Baffa na gaya masa. Ya ce, "Madalla. Buɗe kyamara."

A Riyad kuwa labari ya riga ni sauka, don Nura na da aboki a unguwar Al-Shifa. Har yau in na shiga Batha, Mamman na hango ni zai ɗaga murya: "Alhajin Ruwa! A ƙara maka layi?"

Abin da na koya ba shi da yawa. In za ka sayi layin da ido ba ya gani, ka tambaya ko ya iya iyo. In kuma wani ya ɗaura maka harami da bakinsa, ka kwance shi tun a wurin, kafin a haɗa ka da lasifika.