A Mayar Da Shi Inda Ya Fito

Wani ne kawunsa ya sama masa aikin rubuta manhaja a kamfanin kai kaya. Kawun har rantsuwa ya yi wa maigida cewa yaron ƙwaro ne. Aikin farko da aka ba shi ɗan ƙarami ne: ya rubuta sashen da ke gaya wa direbobi abin da za su yi da kaya. A kai, a ajiye, ko a mayar. Shi ke nan.

Babbarsu a ofis, wadda suke kira Anti, ta leƙa kwamfutarsa ta ce, "Ƙanina, yi masa inom mana, wato ka kafa zaɓin nan uku, duk wanda ya turo wani abu daban manhaja ta ƙi karɓa tun a nan."

Ya ce, "Haba Anti, ni ba na takura wa mutane. Rubutu zan bari sake, kowa ya turo abin da ke ransa."

"In aka turo abin da ba ta gane ba fa?"

Ya murɗa kujera ya ce, "Na riga ki tunani. Abin da ba a gane ba, a mayar da shi inda ya fito."

Ba a jima ba aka fara. Mai manhajar waya ya turo "a hanzarta". Kaya suka koma. Mai sito ya turo "a kula, ƙwai ne". Ƙwai suka je yawo suka dawo. Gogan naka bai karaya ba, duk sabuwar magana sai ya ƙara mata layi a manhajar. Layuka suka yi yawa har shi kansa in ya shiga sai ya ɓata.

Anti ta ce, "Har yanzu ba ka son inom?"

Ya ce, "Ai manhajar koyo take yi."

Ana nan sai maigida ya saya wa surukarsa firji, ya sa aka tura "na maigida ne, a bi a hankali". Direba ya kai firji har ƙofar tsohuwa. Ta fito tana sa albarka, ta share wuri. Direba ya duba waya, ya ɗaure firji, ya juya da shi tana kallo.

Maigida ya shigo ofis, kunnensa na zafi da faɗan da surukar ta yi masa a waya. Ya ce, "Kai, faɗa min, me zan yi da kai?"

Yaron ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, a duba zumunci."

Maigida ya waiwaya. "Anti, wannan yana cikin ukun?"

"Babu shi, ranka ya daɗe."

"To kira min kawunsa. A mayar da shi inda ya fito."